Yatsu Biyu Likita Ya Nema

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni ƙafa biyu, ya karɓi ɗaya, bai kuma zalunce ni ba. Waɗanda suka zalunce ni suna nan da ransu, zan zo kansu, kuma na gaba a layin shi ne mai wannan rubutu.

Sunana Sale, amma a Dutse Alhaji, nan gefen Abuja, in ka ce Sale ba mai nuna maka gidana, sai ka ce Baba Dillali. Aji uku na yi a firamare kafin malami ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri. Sana'ata haɗa mai gida da ɗan haya, da mai fili da mai saye. Daga Dutse zuwa Bwari, daga Bwari zuwa Gwarinpa, babu lungun da ban taka ba. Ba ni da shago, yawo nake yi. Ku riƙe wannan, don ku san abin da na sa a ciniki.

An daɗe da gaya mini ina da ciwon suga. Na ce to, na gode, na koma wajen mai shayi na ce ya ƙara madara. Wata rana na kai wani ma'aikacin gwamnati ya ga gida a hanyar Bwari, ginin da ba a ƙarasa ba, wanda nake ta rantsuwa za a gama shi kafin Sallah. Ƙusa ta huda silifas ɗina ta shige tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi a ƙafar hagu. Ban ji komai ba. Mutumin ne ya nuna mini jini a kan siminti, na ce masa fenti ne, ai ka ga aiki na tafiya. Bai kama gidan ba.

Makon farko wajen mai kemis na yi shi. Ya ba ni kafso ja da baƙi, ya ce in sha, in kuma buɗe ɗaya in barbaɗa garin a kan ciwon. Da na ga bakin ya bushe na daina sha, na ajiye sauran a aljihun babbar riga saboda gaba. Da ya sake kumbura na koma, ya canza mini launi. Haka muka bi launukan shagonsa kaf, kamar muna zaɓen yadin anko.

Mako na uku 'yan'uwa suka shigo da iliminsu. Ƙanwar mai ɗakina ta kawo zuma daga Zariya. Wani maƙwabci ya ce toka da man ja. Wani da muke sallah sahu ɗaya ya ce ba ƙusa ba ce, sammu na taka, wani dillali ne ya binne mini, kuma na ji daɗin maganar don tana nuna har yanzu ana jin tsorona a kasuwa. Kowa ya kawo shawara ya sha ruwan sanyi ya tafi. Mai ɗakina Ladi ita kaɗai ta ce asibiti, na ce mata ba a kai namiji asibiti saboda ƙusa. Sai da ta fara kunna turaren wuta sau da yawa a yini, ba ta ce mini komai ba, sannan na gane ɗakin ya fara wari, kuma ni ne.

Asibitin ba zan faɗi sunansa ba, na gwamnati ne, kuma duk wanda ya je ɗaya ya je sauran. Ka fito bayan sallar asuba ka tarar da mutane sun cika benci. Ka kai taga a ce na'urar kati ta tsaya. Ta dawo a ce likita ya shiga taro. Wata nas ta goga auduga a ciwon ta sa a kwalba ta ce a kai ɗakin gwaji, ɗakin gwaji suka ce babu wuta, da wuta ta zo suka ce abin haɗa gwajin ya ƙare, a je waje. Kowace taga da kuɗinta. A wannan zagayen babur ɗina ya tafi, injin markaɗen Ladi ya bi shi. Da aka ce a kwantar da ni, aka ce babu gado. Aminina Alhaji Tanko, mutumin Katsina mai sayar da yadi, ya ce in jira. Ya zagaya baya ya ga wani, ya dawo, sai ga gado ya fito har da matashi.

Likitan tiyata dogon mutum ne daga wajen Binuwai. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, amma ba ya kwana-kwana. Ya duba sakamakon, ya duba ƙafar, ya ce, "Baba, wannan ƙwaya ya san duk maganin da ka sha. Kai ka koya masa. Yatsa biyu zan cire, ƙafa zai zauna."

Na ce masa zan yi shawara. Ya ce in yi da sauri, ƙwayar ba ta yin shawara.

A makon nan ne Dakta Hadiza ta shigo ɗakinmu da ɗan akwatin ƙanƙara a hannu. Ba likitar marasa lafiya ba ce, likitar bincike ce a wata ma'aikatar tarayya, tana bin gadaje tana neman izinin ɗibar ƙwayar ciwon da ya gagari magani. Na gane ta kafin ta gane ni. Ni na samo mata gidan da take ciki a Gwarinpa lokacin da aka yi mata canjin aiki daga Zariya, kuma ban cuce ta sosai ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, Baba kaza, Baba kaza, har marasa lafiyar gefe suka fara kallona da daraja.

Na tambaye ta me za ta yi da ruɓar ƙafata. Ta zauna a bakin gado ta yi mini bayani a hankali, kamar mai ba yaro kunu. Ta ce ƙwayar da ke cin namana ita ma tana da mai cin ta, wani ɗan mitsitsin abu da suke kira fej, wanda har a ruwan kwata ake samun sa. Yakan shiga cikin ƙwayar ya hayayyafa, in 'ya'yan sun tashi fita sai su ƙera wata wuƙa su tsaga bangon ƙwayar, ta fashe. Wuƙar ita ce laisin. Cikin duk Turancin da aka yi a kaina, wannan kalmar ce kaɗai ta manne mini, har yau ina faɗin ta in na rasa abin zagi.

Aikinta shi ne sanin sifar wuƙar. Ta fito da waya ta nuna mini. Wasu dunƙule biyu ne na murɗaɗɗen zare, ɗaya kore ɗaya ja, da wata 'yar igiya da ta haɗa su, tana juya su da yatsa suna wulwulawa. Ta ce launin su suka sa don ido, abin ba ya ganuwa ko da madubin asibiti. Koren yana da ɗan rami da ya yi daidai da bangon ƙwayar, shi ke kamawa. Jan yana da tsaga, nan ake yanka. Igiyar ita ke ba jan damar lanƙwasawa ya kai inda zai yanka. Na ce ashe mahauta biyu ne, ɗaya ya danne ɗaya ya sa wuƙa. Ta yi dariya ta ce za ta faɗa wa ɗalibanta haka. Ta ƙara da cewa wuƙar ba ruwanta da ko ƙwayar ta haddace kafso, bango take nema, kuma naman mutum ba shi da irin wannan bangon.

Sannan ta faɗi maganar da zan yi mata shaida a kai ranar gobe: "Baba, wannan ba magani ba ne tukuna, bincike ne. Ko a ƙasashen waje gwaji ake yi. Ka bari a cire yatsun."

Ta faɗa, na ji, kunnena biyu lafiya lau. Amma ku tsaya ku ji yadda kan dillali yake aiki. A duk shekarun da na yi a garin nan ban taɓa gamuwa da "babu" ta gaskiya ba. Mai gida ya ce ba ya sayarwa, ma'anarsa a zauna. A ofis a ce babu fili, ma'anarsa ba ka zo da wanda ya dace ba. Gadon da nake kwance a kai, ai babu shi aka ce. Mace mai digiri ta nuna maka kaya ta ce ba na sayarwa ba ne, ni a wurina an buɗe ciniki ke nan. Abuja ta koya mini wannan karatun, kuma shi kaɗai na ci jarrabawarsa.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na haƙura. Sai ta dawo mako na gaba tana murna, ta nuna mini hoton bidiyo. Kwalabe biyu ƙanana, ruwan cikinsu gurɓatacce kamar tsakin koko. Ta ce ƙwayar ƙafata ce ta raina a ciki. Aka ɗiga laisin ɗin a ɗaya. Ina kallo ruwan ya fara washewa, ya washe, ya koma garau kamar na sha. Ta ce ta zo ta gode mini ne, ƙwayata ta taimaki aikinta. Ni kuwa abin da na gani shi ne an kashe maƙiyina a kwalba, ana kuma wasa wuƙa don a yanke mini yatsu.

Ana gobe tiyata na sallami kaina. Sista Rahila, nas ɗin da ke wanke mini ciwo kullum ba ta taɓa yamutsa fuska ba, ta tare ƙofa ta ce, "Baba, in ka fita da wannan ƙafar ba da ita za ka dawo ba." Na ce mata ni dillali ne, ban taɓa sallama kaya a tayin farko ba. Ladi ta ɗauki kwanuka da fulas ta biyo ni har Dutse.

Sai na fara aikin da na iya. Ba a tunkarar mai kaya kai tsaye, aike ake yi. Na tura Alhaji Tanko gidan Dakta Hadiza da zabi huɗu da buhun shinkafa. Ya dawo da su, har da saƙon cewa in koma asibiti yau ba gobe ba. Na ce wa Tanko ka gani, tayin ya yi kaɗan. Na sake tura shi da maganar wani ɗan fili da nake da shi a bayan Bwari, wanda na ɓoye ko Ladi ba ta san da shi ba. Ya dawo ya ce matar nan har ta fara kuka. Na ce kuka alama ce mai kyau, ta kusa sallamawa. Ta kira wayata ba sau ɗaya ba, na ƙi ɗauka, don mai saye ba ya nuna zaƙuwa. Tanko ya ce, "Sale, wannan ba cinikin gida ba ne." Na ce masa ya tsaya a yadinsa.

Ana cikin haka yatsun suka yi baƙi, baƙin ya haura zuwa tafin ƙafa. Bandejin ya fara yin kore, warin ya canza ya koma wani mai zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Zazzaɓi yana zuwa da la'asar. Masu shawara suka ɗauke ƙafa, mai maganar sammu ma daga ƙofa yake gaisuwa. Ladi ke dafa ruwa da gishiri ta wanke, ta fita bayan ɗaki ta yi amai, ta kurkure baki ta dawo ta ƙarasa.

Ranar wata Asabar na ce a ɗauko mini tasi, zan je da kaina. Na sa babbar rigata ta Juma'a, na sa hula, aka naɗe ƙafar a leda. Ladi da direba suka kama ni har cikin falon Dakta Hadiza, falon da ni na auna mata shi da taku na ce ya fi na minista. Ta fito da gudu, ta tsaya, na ga hancinta ya gaya mata komai.

Na yi gaisuwa mai tsawo yadda ake yi. Na tuna mata gidan, na tuna mata yadda na sa mai gida ya gyara famfo. Sannan na ce, "'Yata, mu bar zagaye-zagaye. Faɗi abin da kike so. Cokali ɗaya nake nema, ba wanda zai ji."

Ta zauna a ƙasa a gabana. Ta ce, "Baba, wallahi da akwai, da na kawo maka har gado ba ka aiko da zabi ba."

Na ce ai na gani da idona.

Ta ce abin da na gani duka-duka bai isa ya jiƙa kan yatsa ba. Ta ce a cikin wata ƙwayar cutar suke sarrafa shi, da dattinta yake fitowa, kuma ba su da injin da zai tace shi har ya dace da jikin mutum. In ta zuba mini shi, ba ta san ko ƙwayar zai fara kashewa ko ni ba. Ta ce firjin da take ajiye shi, da albashinta take sayen man janareto don kada ya narke. Sannan ta nemi izini ta kwance ledar. Ta daɗe tana kallon koren bandejin.

"Wannan ma ba ƙwayar da na ɗiba ba ce. Wata ce ta shigo daga baya. Wannan riga biyu gare ta, akwai wata fata a kan bangon. Laisin ɗina ko ya kai kanta ba zai ga inda zai kama ba."

Na ce to ta haɗa mini wanda zai kama.

Ta ce shi ne abin da take fatan yi kafin ta yi ritaya.

A nan ne, a kan kujerarta, na ji "babu" ta gaskiya karo na farko a rayuwata. Ba ta da wani ɗanɗano na daban. Irin muryar ce, irin kalmar ce da ake faɗa a kowace taga. Ta yaya zan bambance? Wannan tambayar ba ni kaɗai zan amsa ta ba, duk wanda ya taɓa cewa babu alhali akwai a aljihun teburinsa yana da kaso a ƙafata.

Ladi ce ta yi magana. Tunda muka fito daga asibiti ba ta haɗa mini jimla ba. Ta ce, "Malam, ka gama cinikin?"

Na ce na gama.

Dakta Hadiza da kanta ta tuƙa mu zuwa asibiti a motarta, gilashi a sauke. A hanya ta ce ta yi kuskure da ta nuna mini kwalaben nan, murna ce ta ɗebe ta. Ban ce mata a'a ba. Har yau ban ce ba, ko da yake ita ta biya kuɗin jinin da aka ƙara mini, ta kuma zo dubiya fiye da 'yan'uwana na jini. Allah ya saka mata. Amma ba a nuna wa mai yunwa tuwo a waya.

Likitan tiyata bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya danna ƙaurina da yatsa, ya haura, ya haura, har ya tsaya ƙasa da gwiwa kaɗan. Ya ce a nan. Wannan karon ban ce zan yi shawara ba. Filin Bwari shi ya biya tiyatar da allurai, kuma a gaggauce aka sayar da shi, wani dillali da na raina da hannuna ya karya mini farashi. Aikinsa ya yi, ni na koya masa.

Da na farfaɗo, Alhaji Tanko ya riga ya karɓi ƙafar. Da yadinsa ya naɗe ta, fari mai kyau daga shagonsa, ya kai maƙabarta aka haƙa ɗan rami aka binne. Ya ce ya sa alama ko zan so in je. Ban je ba tukuna. Wani lokaci ƙaramin yatsan da aka binne yakan yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa katifa.

Ga wanda yake da suga: duba ƙafarka kullum kamar yadda kake duba wayarka. Kada ka barbaɗa kafso a ciwo, kada ka sha rabi ka ajiye rabi. In ka ji labarin sabon magani mai kyan hoto, yi wa masu binciken addu'a su gama, kai kuma ka karɓi tsohon da ke gabanka ko da wuƙa ne. Na gode wa Sista Rahila, wadda da na dawo ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Na gode wa Tanko. Ladi kuwa ba godiya ce tsakaninmu ba, yafiya nake nema, ta ce tana kan tunani.

Ranar da za a sallame ni, likitan ya zo zagaye. Na kama rigarsa na ce ya gaya mini tsakani da Allah, da na yarda tun farko, ina zai yanka? Ya ce in bar maganar. Na nace. Ya zaro biro daga aljihu, ya yaye zanen gado, ya kama ƙafata ta dama, mai lafiyar. Ya ja ɗan layi a gindin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Layin bai kai tsawon ashana ba. Ya mayar da bironsa ya wuce gado na gaba.

Na zo gida da layin a ƙafata. Da azahar ta yi Ladi ta kawo buta da roba don alwala, na ce ta bi a hankali ta bar mini shi, ina so in riƙa gani. Ta ɗauko soso da sabulu, ta danne ƙafar a cinyarta.

Ta ce, "Guda ɗaya ta rage. Wannan ni ke da iko da ita."

Ta goge shi tas.